Farin Zare a Kan Jan Jaket

Stapleton, New York

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Mamana, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu, gaisuwar uban da ya wuni yana zagaye akwatin da ke bakin ƙofa yana yi kamar bai gan shi ba. Allah ya kiyaye fitarki da shigarki, ya tsare ki a hanya, ya sa ƙafarki ta sauka inda za a yi murna da ita. Mamanki ma tana gaishe ki, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakinku. Ta ce in gaya miki lafiyarta lau, ni kuwa ina ganin yadda take maido da kwanon tuwo kamar yadda ta zuba shi.

Na san za ki yi dariya ki ce me ya kai Baba rubuta wasiƙa alhali a tebur ɗaya muke cin abinci. Dalilin shi ne, in na buɗe baki faɗa ne ke riga magana fitowa. Ke kuma ki amsa da Turancinki mai gudu, kafin in gama juya shi a kaina kin shige ɗaki kin ja ƙofa. Takarda dai ba za ki katse ta ba. Da gangan kuma na rubuta da Hausa, don dole ki karanta a hankali.

Ranar Asabar za ki hau bas ki tafi garin da ban taɓa jin sunansa ba sai a bakinki, can tsakiyar ƙasar nan, wurin samarin da kuka daɗe kuna gyara wasan yaƙin nan na kwamfuta tare. Sun kama gida, sun buɗe ɗan kamfaninsu, sun ce ki zo ki zama mai zana musu tutoci da tambura. Da iyakar labarin ke nan, da na cika coci da alfahari. Amma da bakinki kika faɗa mini ba su taɓa ganin fuskarki ba, ba su taɓa jin muryarki ba. Sunan wani sarkin Rumawa kike amsawa a wurinsu, hoton da ke gefen sunan kuma gaggafa ce mai kai biyu. Ba su san ke mace ce ba, ba su san baƙa ce ke ba, ba su san iyayenki daga Filato suka fito ba. Da na tambaye ki dalili, kika ɗaga kafaɗa kika ce, "Za su gani in na isa, Baba."

Tun daga ranar tsoro ya shige ni, kuma bai fita ba. Ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji, irin wanda ke sa in zare allura a shago in rasa me na zare ta in yi. Abu ɗaya zan roƙe ki a wasiƙar nan. Amma kafin in roƙa, bari in shimfiɗa miki wautar da ni na tafka, don kada ki ɗauka mai wayo ne ke yi miki wa'azi.

Ta farko a kanki na yi ta. Kina sakandare a lokacin. Na dawo daga shago a unguwar Port Richmond, kunnena na ta ƙarar keken surfani, yatsuna duk zare, don wuni na yi ina ɗinka tambura a kan hulunan masu gadi da rigunan 'yan ƙwallo. Kika tare ni tun a ƙofa, kina rawar jiki, kika ce in zo in ga abu. Na leƙa kwamfutar, na ga taswira da wasu 'yan sojoji kamar tururuwa riƙe da tutoci. Kika ce waɗannan Rumawan gabas ne, na birnin Kustantiniya, waɗanda suka ci gaba da mulki da kiran kansu Rumawa bayan Ruma ta yamma ta faɗi. Kika ce masu wasan sun yi ganganci, sun ba su tuta ɗaya mai launin shunayya tun daga farko har ƙarshe, alhali kowane zamani da nasa tambarin. Shi ya sa ke da abokanki kuke yin abin da kuke kira mod, wato gyaran da 'yan wasa ke ɗora wa wasan da hannunsu.

Har yanzu ina tuna yadda kika jera mini su. Na sarakunan farko, haruffa biyu na sunan Almasihu da rubutun Girka, ɗaya a kan ɗaya. Na gidan sarauta na ƙarshe, jar tuta da gicciye ruwan zinariya, a kowace kusurwa da wata alama mai kama da ƙyastu, ƙarfen nan na kunna wuta. Gaggafa mai kai biyu kuma, kika ce, a ƙurarren lokaci ta zo, ba kowane soja ke ɗaukarta ba. Idonki na ƙyalli kina magana. Ni kuwa me na ce? Na ce, "Sarakunan da suka mutu, ƙasarsu ma ta mutu, su ne za su rubuta miki jarrabawa?" Na miƙa hannu na cire wayar kwamfutar daga bango.

Ba ki yi kuka ba, da ma kin yi. Daga ranar, duk sa'ad da kika ji takuna a matakala sai in ji an rufe kwamfuta. Ni da nake ciyar da gida da ɗinkin tambura, ni na raina 'yata don tana son tambura. A hannuna kika fara koyon cewa abin da kike ƙauna sai an ɓoye shi, kuma ina zargin a nan ne sarkin Rumawan nan ya samo sunanki ya haɗiye. Don haka ki ji ni, Mamana. Inda za ki, in kin ga mutum yana raina abin da ke hannunki, kada ki koma ɓuya kamar yadda kika yi da ni. Ki tsaya ki gaya masa ya yi kuskure. In kuma tsoro ya kama ki a can, ko na mutum ko na wuri, ki kira ni, na yi alkawari zan saurara har ki kai aya.

Wauta ta biyu kin san ta, don a gadon bayanki aka yi ta, amma ba ki san yadda na gan ta ba. Da kika gama kwaleji na so in wanke laifina. Na tsinci takardar da kika buga kika bari a kan tebur, gaggafar nan ce da fikafikai a buɗe, a ƙirjinta ga gicciye da ƙyastu huɗu. Na sayo jan jaket mai kyau, na kai shago, na ce yau 'yata za ta san ubanta gwani ne. Da na buɗe akwatin zare sai na tarar ruwan zinariya ya ƙare, wani coci ya cinye shi a tutar bikinsu. Kawo sabo zai ɗauki kwanaki, ni kuma kin san ni da gaggawa. Na ɗauko fari na ce ai fari a kan ja ma ya fi fitowa.

Da na miƙa miki, kika daɗe kina kallo. Kika ce a hankali, "Baba, ai zinariya ce ya kamata." Na ce, "Ke dai da ƙa'ida! Tsuntsu ba tsuntsu ba ne?" Sai kika rungume ni kika saka. Daga baya kika gaya mini kin lura da abin da farin ya mayar da ita, amma karo na farko ke nan da na taɓa aikinki da hannuna, ba ki so ki ɓata mini rai.

Kika sauka za ki kama jirgin ruwan da ke tsallakar da mu cikin birni, ni ina sama ina leƙenki don in ga yadda aikina ya zauna. Mista Agim yana goge matakala. Tsohon nan mai kula da gininmu, wanda ya gyara mana tukunyar ɗumama gida sau ba adadi, wanda yake ajiye miki alewa a aljihu tun ba ki iya ɗaura takalmi ba. Kika gaishe shi kika wuce. Ya ɗago kai ya ga bayanki, sai sandar gugar ta suɓuce masa ta gangara. Ya yi wata ƙara da yarensu, irin ƙarar da ban taɓa zaton tana cikin ƙirjinsa ba, sannan ya koma Turancinsa mai tsalle-tsalle. "Cire! Cire wannan! Wa ya ba ki?"

Na sauko a guje, hannuna a dunƙule, don na ɗauka tsohon ya zare. Na same shi zaune a kan matakala, ya riƙe ƙarfen gefe. Na ce, "Mista Agim, ni na ɗinka, me ya yi zafi?" Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya ce a ƙasarsu, can gabashin Turai, mutanen da suka shigo ƙauyensu da bindigogi wannan farar gaggafar ce a hannun rigarsu, da gicciyen, da alamu huɗun. Suka tara maza a filin makaranta. Ƙannensa biyu suna ciki, kuma ba su dawo ba. Sai ya laluba aljihu ya fiddo makullansa, a jikinsu ga wani ɗan ƙarfe ja, a kai gaggafa ce mai kai biyu, amma baƙa. Ya ce, "Wannan tamu ce."

Tsuntsu ɗaya, Mamana. Baƙi na wannan ne, fari na wancan, zinariya na sarakunanki da suka mutu. Ni kuma na zaɓi launi don shi ne ya rage a akwati.

Na ga yadda kika cire jaket ɗin kika durƙusa a gabansa kika fiddo waya. Kika nuna masa cewa tasa da tasu duk daga wuri ɗaya aka aro su, daga Rumawan nan, kuma taki ta girme su duka. Kin yi bayani mai kyau, ni kaina na ƙaru. Ya saurare ki har ƙarshe don yana ƙaunarki. Da kika gama ya dafa kanki ya ce, "Yarinya, kin yi gaskiya. Amma waɗanda suka zo mana ba su tsaya sun karanta mana tarihi ba."

Abin da ke hana ni sukuni shi ne, a ce ba tsoho mai alewa ba ne ya ga bayanki ranar? A ce samari ne a tashar jirgin ruwa, 'ya'yan waɗanda aka tara a filin makarantar? Iliminki yana cikin kanki, tambari kuma yana bayanki, wanda ke biye da ke bayan yake gani. Ki riƙe wannan. Duk garin da kika shiga, kada ki sa wata alama a jikinki sai kin san abin da take faɗa wa mutanen wurin. Kuma a aikinki, in an ce zinariya to zinariya, kada ki bari mai gaggawa irina ya ce miki duk ɗaya ne. Kin fi ni gaskiya ranar, sai dai kin bar maganar don ki faranta mini, kada ki ƙara yi wa kowa wannan alherin.

Ni ne ya kamata in fi kowa sanin haka, kuma a nan ne zan gaya miki abin da muka rufe miki. Kin san kawunki Danjuma, ƙanena da ke gida, wanda yake kiranki a waya yana tsokanarki da Hausarki ta 'yan Amurka. Kin san hannunsa na dama ba ya ɗaguwa. Mun ce miki hatsarin babur ne. Ba babur ba ne.

Kafin a haife ki, ina da ɗan shagon ɗinki a garinmu. Na ɗinka wa ƙungiyar matasan coci riguna, kowace da gicciye babba a ƙirji, na zuba masa aiki don a san hannuna ne. Ɗaya ta rage. Wata safiya zan aiki Danjuma kasuwa ya sayo mini yadi, rigarsa a jiƙe, na jefa masa wannan na ce ya saka. Tun jiya ake ta ƙishin-ƙishin gari ba lafiya, mamanki ma ta ce a bari zuwa gobe. Na ce mata ai kullum haka ake cewa. Kafin rana ta take, rikici ya ɓarke. A wani shingen da matasa suka kafa, ba wanda ya tambayi Danjuma sunansa ko ɗan gidan wa ne. Rigar ta riga ta amsa musu. Wani mai sayar da nama da ya san mahaifinmu, Musulmi, shi ya janye shi cikin rumfarsa ya lulluɓe shi da buhu. A ɗaya gefen garin kuma, a rana ɗaya, namu matasan sun yi wa yaron maƙwabcinmu irin haka saboda hular da ke kansa, shi bai samu mai buhu ba.

Danjuma bai taɓa ɗora mini laifi ba, ko sau ɗaya. Ni kuwa duk sa'ad da na ɗora tambari a ƙarƙashin allura sai na ga ƙirjinsa. Amma dubi yadda ɗan Adam yake, na tsallako teku, na tsufa, na sake ɗaukar alamar da ban bincika ba na manna wa nawa. Darasin da zan ba ki a nan gajere ne. In jikinki ya gaya miki wuri ba lafiya, ko wani mai ƙaunarki ya ce ki dakata, to ki dakata. Yadi yana nan gobe.

Za ki ce to ai ke ba ki nuna komai ba, ɓoyewa ma kika yi, kin bi shawarata tun kafin in ba da ita. A nan ne wauta ta ƙarshe take, kuma ita ce ta fi kama da tafiyarki.

Farkon zuwanmu ƙasar nan, a falon wani ɗan cocinmu muke kwana a unguwar Soundview, mamanki da cikinki ya tsufa. Na ga tallar ɗaki a wata unguwa mai tsabta, na buga waya. Matar ta tambayi sunana. Maimakon in ce Bulus kamar yadda uwata ta raɗa mini, sai na faɗi na Turawa, na ce Paul, na kuma lanƙwasa harshe yadda na ji ana yi a rediyo. Muka yi hira mai daɗi. Ta ce ita ma mai zuwa coci ce, ɗakin nawa ne, mu zo da kayanmu. Ɗan cocin nan ya ce mini, "Ka gaya mata daga ina kake?" Na ce, "Me ya kawo wannan? Za ta gani in na isa." Kusan kalmomin da kika faɗa mini ke nan, Mamana. Shi ya sa na ajiye cokali ranar na tashi daga tebur, ba fushi na yi ba.

Muka yi sallama da masu masaukinmu, muka ɗauki akwatuna, muka hau jirgin ƙasa sannan bas, ana sanyin da ke shiga har ƙashi. Na ƙwanƙwasa. Matar ta buɗe da murmushi. Na ga murmushin ya tsaya a fuskarta kamar an danna masa birki. Ta dube ni, ta dubi cikin mamanki, ta dubi akwatunan. Na ce, "Ni ne Paul." Ta ce an riga an ba da ɗakin. Ta rufe ƙofa a hankali, ba zagi, ba tsawa, na ji ta sa sakata. Muka tsaya a bakin titin unguwar da ba mu san kowa ba, labule na motsi a tagogin maƙwabta. Mamanki ta zauna a kan akwati don ƙafafunta sun kumbura, ta ce mini, "Bulus, da ka faɗa mata a waya, da a falon mutane aka ƙi mu, muna zaune cikin ɗumi."

Gaskiyarta ce. Ɓoye fuskata bai canza zuciyar matar ba. Abin da ya canza kawai shi ne wurin da muka ji amsarta, a kan titi, nesa da namu, da kaya a hannu. Kuma mu biyu ne, da rana, cikin birnin da bas ke dawowa. Ke kuwa ke kaɗai ce, mace, za ki sauka a garin da ba ki da kowa, ki ƙwanƙwasa ƙofar gidan maza da suke jiran wani mutum dabam.

Na san abin da za ki ce, cewa su ba haka suke ba. Mai yiwuwa ne, ina roƙon Allah ya sa haka ne. Amma bari in faɗa miki, kwanan baya kin bar kwamfutarki a buɗe kin fita sayen madara. Zan iya cewa idona ne ya faɗa kai, amma ƙarya ce, zama na yi na sa tabarau. Na ga dandalin da kuke baje aikinku. Na ga tutocinki a jere, na ga mutane daga ƙasashe suna yabon sarkin nan naki, har wani ya ce shi malamin tarihi ne kuma bai ga kuskure ko ɗaya ba. Ƙirjina ya cika. Sai na gangara ƙasa, na ga wasu, su ma da gaggafa da gicciye a gefen sunayensu, suna rubuta cewa lokaci ya yi da za a sake ɗaga waɗannan tutoci a kori baƙi da baƙaƙe daga ƙasashensu. A ƙarƙashin aikin hannunki suka rubuta, suna gode miki da kika ba su tuta mai kyau.

Da na yi miki maganar, kika ce waɗannan 'yan hayaniya ne, ba 'yan ƙungiyarku ba ne, shugabanku ma yana goge su. Kika kuma faɗi abin da ya soke ni. Kika ce, "Baba, akwai yarinyar da ta bayyana kanta a wani rukuni, suka bi ta da zagi har ta bar aikin. In sun san ni, tutar za su daina kallo, ni za su riƙa kallo." Na fahimce ki, Allah ya sani na fahimce ki, ni da na taɓa lanƙwasa harshe don ɗaki. Amma wanda ya goge zagi ba ki san ko don ya ƙi shi ba ne ko don kada ya ɓata masa kasuwa. Cikin samarin nan, ba ki san wanda ya karanta ya ji zafi ba da wanda ya karanta ya gyaɗa kai. Su ba su san ki ba, ke ma ba ki san su ba, gaggafa ce ta san gaggafa.

To ga roƙona, kuma shi kaɗai ne. Kafin Asabar, ki kira su a bidiyo. Ki zauna a falonmu, a kujerar da hoton kakarki mai sunanki ke bayanta, ki kunna kyamara ki ce, "Ni ce, sunana Rifkatu." Ki dubi fuskokinsu a daidai lokacin, kada ki dubi taki. Murmushin da zai tsaya, a nan take yake tsayawa, na gani da idona ba ya ɓoyuwa. In suka yi ihu suka yi dariya suka ce ashe sarkinmu sarauniya ce, ni da kaina zan ɗauki akwatin nan a ka har cikin jirgin ruwa, in raka ki tashar bas, in yi ta ɗaga hannu har in ba ki kunya. In kuwa suka yi shiru suka fara kame-kame, to ƙofa ta rufe kina cikin gidanku, miyar mamanki na kan wuta, ubanki na gefe. Za ki yi kuka, amma cikin ɗumi za ki yi shi.

In kin ƙi, ba zan tare ƙofa ba. Na cire waya daga bango sau ɗaya, na ga abin da ya haifar. Zan raka ki duk da haka. Sai dai ki sani za ki bar tsofaffi biyu da ba za su san ɗanɗanon abinci ba sai sun ji muryarki daga cikin gidan nan.

Sauran ƙananan abubuwa kin san su. Ki nemi coci tun makon farko, ko ba irin namu ba ne, don a samu masu lura in ba su gan ki ba. Ki ba mamanki adireshin gidan da sunayen samarin na gaskiya, ba na sarakuna ba. Ɗakinki ya zama da makulli, kuma makullin a hannunki. Yajin da ta ƙulle miki yana aljihun gefen akwati, kada ki bar wa Turawa su ɗanɗana ba gargaɗi.

Yanzu ki buɗe ledar da ke ƙarƙashin wasiƙar nan. Jan jaket ɗin ne, wanda kika cusa a bayan kabad tun ranar matakala kina zaton ban san inda yake ba. Na kai shi shago, na zauna da reza na warware farin zaren nan ɗaya bayan ɗaya, har bayan ya koma fili. In kin ɗaga shi a haske za ki ga 'yan ramukan allura, waɗannan ba su gyaruwa. Mista Agim ya gan ni ina shigowa da shi, na buɗe masa ya duba, ya daɗe yana shafawa, ya ce in gaya miki Allah ya kai ki lafiya.

Ki juya cikinsa. Gaggafarki tana nan a jikin shafi, ta gefen hagu, ruwan zinariya a kan ja, gicciye da ƙyastu huɗu kowanne yana fuskantar inda kika zana shi. Wannan karon na jira zaren ya iso, na kuma gwada da takardarki har sai da idona ya yi ruwa. A ciki na sa ta don fuskarki ta riga ta shiga ko'ina. Wanda ya karɓe ki a matsayin Rifkatu 'yar Bulus, shi za ki buɗe wa jaket ya ga abin da kika iya.

Na taɓa tambayarki me ya sa take da kai biyu. Kika ce ana cewa ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma, amma masana ba su tabbatar ba, kada in yarda da duk abin da na ji. To masana su yi ta bincike. Wannan dai ni na ɗinka ta, kuma na san inda kowane kai ke kallo. Ɗaya yana kallon inda za ki. Ɗayan yana kallon wani bene a Stapleton, inda za a bar miki ɗakinki yadda yake, ba wanda zai tambaye ki me ya dawo da ke.

Ubangiji ya sa miki albarka, Mamana. Ya tsare gabanki da bayanki, ya rufe idon mugu daga kanki, ya buɗe miki zukatan da za ki tarar. Ya kai ki lafiya, ya kwantar da ke lafiya, ya dawo mana da ke da ƙafafunki, cikin sunan Yesu. Amin.

Na goge kujerar falo, na kuma gyara labule don haske ya faɗo miki a fuska. Duk sa'ad da kika shirya kiran, ki ce mini in fita ko in zauna, duk wanda kika zaɓa zan yi.

Ni ne mahaifinki mai ƙaunarki,
Bulus